Shin Ko Kun San? Gawa a Unguwar Masu Fasaha

Shin ko kun san cewa a cikin tsofaffin finafinan binciken kisan kai akwai wani reshe guda da ba ya fita daga unguwar masu zane, makaɗa, mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo? A nan ake tsintar gawar, a nan ɗan sanda yake zagaye da ɗan littafinsa, kuma kusan kullum wanda ake fara damƙewa shi ne mai ganga ko mai zane. Dalilin a fili yake. Mutum ne da ba ya kwanciya da wuri, ba shi da albashi, abokan hulɗarsa maza da mata a cakuɗe, saboda haka tun kafin a ga jini mutanen gari sun gama yanke masa hukunci. Duk wanda ya tashi a Gwarzo ko Kabo ya san irin kallon da ake yi wa mai goge, ɗan gambara da 'yan dirama masu bin ƙauyuka bayan kaka. A sha biki da su, a yi musu liƙi, amma in akuya ta ɓata a daren nan, masaukinsu za a fara leƙawa.

Shin ko kun san cewa a fim ɗin Scarlet Street na 1945, wanda ya yi kisan bai shiga hannu ba, wani aka kashe a madadinsa? Fritz Lang ne ya ba da umarni, haifaffen birnin Biyana da ya baro Jamus a 1933, lokacin da 'yan Nazi suka karɓi mulki. Labarin wani kashiya ne mai suna Chris Cross, dattijo marar hayaniya, wanda ya yi shekara 25 yana riƙe wa kamfani kuɗi ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba. Abin da yake so a duniya shi ne zane, amma matarsa ba ta ƙaunar warin fenti, sai ya riƙa ɓuya a banɗaki ranar Lahadi yana yi. Wani dare ya haɗu da wata budurwa, Kitty, a Greenwich Village, unguwar masu fasaha ta birnin New York. Ta ɗauka shahararren mai zane ne mai kuɗi, shi kuma bai gyara mata zato ba. Saurayinta Johnny ya sa ta ta riƙa tatsarsa, har dattijon ya soma sata a wurin aiki. Daga nan suka kwashi zane-zanensa suka sayar da sunan Kitty, masana suka yi ta yabo. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya gano an sace masa suna, maimakon ya fusata sai ya yi murna, domin dai a ƙarshe wani ya dubi aikinsa. Ranar da ta yi masa dariya ido da ido, ta kira shi tsoho mummuna, ya caka mata tsinken fasa ƙanƙara. Kotu ta kama Johnny, aka kashe shi a kujerar lantarki. Chris ya ƙare yana kwana a kan bencin lambu, yana gaya wa 'yan sanda shi ne ya yi, suna ɗaukarsa mai taɓin hankali, zanen da ya yi wa Kitty kuwa aka sayar da shi dala 10,000 a kan idonsa.

Shin ko kun san hukumomin tace finafinai sun hana nuna shi a farkon 1946 a jihar New York da biranen Milwaukee da Atlanta? Sun ce ya yi ƙazanta, kuma zai iya zuga mutane ga aikata laifi. A lokacin ƙa'idar Hollywood ita ce mai laifi ba ya tsira a ƙarshen fim.

Ita ma wannan ƙa'ida tana da nata gawar a tushe. A safiyar 2 ga Fabrairu 1922 aka tsinci wani babban darakta, William Desmond Taylor, kwance a gidansa a Los Angeles da harsashi a baya. Har yau, bayan sama da shekara 100, ba a gurfanar da kowa ba. Amma jaridu sun yi kaca-kaca da sunan 'yan wasa mata biyu da suka san shi, Mabel Normand da Mary Miles Minter, alhali babu wadda aka tuhuma a kotu. A wannan shekarar ce masu kamfanonin fim suka ɗauko wani ɗan siyasa, Will Hays, don ya wanke musu suna. Aka rubuta ƙa'idojin a 1930, aka fara tilasta su gadan-gadan a 1934. Mu ma a nan mun ga irin haka. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, sannan a 2007, bayan wani abin kunya da ya ɓulla, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni. Waɗanda suka fi jin jiki ba su ne aka yi maganar a kansu ba: masu riƙe fitila ne, masu kwalliya, masu dafa wa 'yan lokeshan abinci, da masu shaguna a Ƙofar Wambai.

To ga abin da ya fi ba ni mamaki. Shin ko kun san cewa sunan jarumin Scarlet Street, Edward G. Robinson, ya zama laƙabin wani ɗan Nijar da ya kafa tarihi a fim ɗin Afirka? Robinson haifaffen Bukares ne ta ƙasar Romaniya, a 1893, ya yi suna da fitowa a ɗan daba tun fim ɗin Little Caesar na 1931, ko da yake a zahiri mutum ne mai tara zane-zane masu tsada. Finafinansa sun zaga silimomin Afirka ta Yamma. A 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da Moi, un noir, kan 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan. Babban ɗan wasan wani lebura ne a tashar jiragen ruwa, tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi a Indocaina, kuma a cikin fim ɗin Edward G. Robinson yake kiran kansa. Sunansa na yanka Umaru Ganda, an haife shi a Yamai a 1935.

Leburan nan ya koma gida ya zama darakta. Ya yi Cabascabo, kan sojan da ya dawo daga yaƙi abokai suka cinye masa kuɗi, sannan ya yi Le Wazzou polygame da harshen Zabarmanci. A 1972, karo na farko da bikin FESPACO na Wagadugu ya ba da babbar kyautarsa, wannan fim ne ya ɗauke ta. Labarinsa kuwa na gida ne ƙwarai: wani Alhaji mai mata biyu ya dawo daga Makka, ya sa ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, iyaye suka kasa ce masa a'a. Matarsa ta biyu ta ƙudura ba za a yi mata kishiya ba. A daren biki ta je kashe amarya, cikin duhu ta kashe ƙawar amarya. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, kuma FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga sababbin daraktoci.

Shin ko kun san irin wannan kuskure na duhu shi ne ƙashin bayan Laura, fim ɗin Otto Preminger na 1944? An harbi wata mace a fuska a ƙofar gidan Laura, kowa ya ɗauka ita ce. Ɗan sandan da ke bincike ya yi ta zama a falonta yana kallon babban zanenta a bango har ya kamu da son matacciya. Ana tsakiyar fim sai ga Laura ta turo ƙofa ta shigo da ranta. Wadda aka kashe wata ce daban da ta kwana a gidan. Makashin kuwa shi ne wanda ya fi kowa iya magana da sa tufafi a cikinsu, shahararren marubucin jarida Waldo Lydecker, kuma a cikin agogon tsaye na falon ya ɓoye bindigar. Zanen nan da ya ruɗa ɗan sanda, hoton 'yar wasan ne, Gene Tierney, aka faɗaɗa shi aka shafa masa fenti sama-sama.

A koma Nijar kaɗan, domin akwai hakkin da ya kamata a ambata. Zalika Sule, wadda ta fito a finafinan Ganda da na Mustafa Alhasan tun daga 1966, tana cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a wannan yanki namu. An sha ba ta matsayin muguwar mace, mutane kuma suka kasa raba ta da abin da suka gani a allo, ta sha tsangwama a gari. A 2004 Rahmatu Keita ta fitar da fim kan rayuwarta, aka gan ta cikin ƙuncin talauci a Yamai. Ta rasu a 2021. Duk ɗan Kannywood da ya taɓa fitowa a mugu ya san wannan ciwo.

Shin ko kun san cewa mahaifin Salman Khan ya taɓa fitowa yana kaɗa ganga a wani fim ɗin binciken kisa? Teesri Manzil ke nan, na 1966, kuma a ganina babu fim ɗin Indiya da ya fi shi dacewa da wannan zance. Nasir Hussain ne ya rubuta ya kuma ɗauki nauyi, Vijay Anand ya ba da umarni. Fim ya buɗe da wata budurwa, Rupa, tana faɗowa daga hawa na uku na wani otal da daddare. Aka ce kashe kanta ta yi saboda wani makaɗin otal mai laƙabin Rocky. Ƙanwarta Sunita, wato Asha Parekh, ta taso musamman don ta ɗau fansa a kansa, ba ta san fuskarsa ba, sai ta faɗa son wani saurayi Anil, wanda shi ne Rocky ɗin. Shammi Kapoor ne ya hau wannan matsayi. Ku lura da yadda aka gina zargin: babu wata ƙwaƙƙwarar shaida a kansa sai dai cewa makaɗi ne, yana aikin dare, mata suna rububinsa. Abin da ya warware zaren ɗan ƙaramin abu ne, maɓallin kwat mai tsada da aka samu a dunƙule a hannun mamaciyar. Kwat ɗin da ya rasa maɓalli ɗaya yana rataye a ɗakin Kunwar, attajiri mai martaba da ke nuna wa makaɗin ƙauna, wanda Prem Nath ya fito a matsayinsa. Rupa ta gan shi yana binne matarsa da ya kashe, shi ya sa ya bi ta ya jefo ta.

Salim Khan, mahaifin Salman, abokin Rocky ne a fim ɗin, tun kafin ya zama marubucin da ya haɗu da Javed Akhtar suka rubuta Sholay. Helen, mai rawar otal ɗin, ita ce ya aura daga baya. Wannan fim ne ya fito da R. D. Burman a matsayin mai tsara kiɗa. Kuma ana cikin aikinsa, a Janairun 1965, matar Shammi Kapoor, Geeta Bali, ta rasu da cutar agana, aka tsayar da ɗauka har ya samu ya dawo hayyacinsa. Wanda ya ga irin tsallen da yake yi a fim ɗin ba zai ce mai makoki ba ne.

Shin ko kun san akwai fim ɗin Indiya na 1969 da babu waƙa ko ɗaya a cikinsa? Ittefaq, na Yash Chopra. Rajesh Khanna ya fito a mai zane da ake zargi da kashe matarsa, ya tsere ya faɗa gidan wata mata da daddare, kusan duk labarin a gida ɗaya cikin dare ɗaya. Ba shi ya yi kisan ba.

A Faransa, Quai des Orfèvres na 1947 ya shiga bayan labulen gidajen rawa na Faris: mawaƙiya, mijinta mai kaɗa fiyano mai tsananin kishi, da wani tsohon attajiri mai bin 'yan mata da aka tsinci gawarsa. Miji da mata kowa na ɓoye wa 'yan sanda gaskiya, sufeto ya matsa wa mijin har ya nemi halaka kansa, ashe wani ɓarawon mota ne ya yi harbin. Henri-Georges Clouzot ya samu kyautar gwarzon darakta a bikin Benis da shi. A Ingila kuwa, Alfred Hitchcock ya yi Murder! tun 1930, kan ayarin 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari. A nan kam makashin ɗan wasa ne, amma ba 'yar wasan da aka yanke wa hukuncin rataya ba. Da yake a lokacin ba a iya ɗora sauti bayan an gama ɗauka, sai da Hitchcock ya ɓoye makaɗa kusan 30 a bayan bangon ɗaki suna kiɗa, don a ji kamar daga rediyo yake fitowa yayin da jarumin ke aske gemu.

Shin ko kun san an ɗauki A Bucket of Blood na 1959 cikin kwana 5 kacal, da dala 50,000? Roger Corman ne ya yi shi. Wani yaron shagon shayi da masu fasaha ke raina wa wayo ya kashe kyanwa bisa kuskure, ya lulluɓe ta da yumɓu, suka ce ai wannan gwanin sassaƙa ne. Don kada yabon ya yanke, ya koma kan mutane.

Ta yaya irin waɗannan labarai suka iso yammacin Kano? Ba ta ƙofar silima suka fara shigowa ba. Mutanen karkara majigi suka fara sani, motar gwamnati da ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi bayan sallar isha, ta nuna finafinan tsafta da noma irin su Baban Larai. Silima ta kuɗi a birni take: an buɗe Rex a 1937, daga baya aka samu su Palace, Plaza, Orion, El Dorado da Marhaba, akasari a hannun 'yan kasuwa Kwarori, waɗanda suka cika allunan da finafinan Indiya. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Tun daga nan sunan ɗan silima bai ƙara yin fari ba. Saurayin Gwarzo da ke son kallo sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 70, ta Kabo da Rimin Gado har Kabuga, ya kuma san abin da zai faɗa a gida in ya dawo.

Yau silimar tana cikin aljihu. Ku tsaya a rumfar mai cajin waya a tasha, a Gwarzo ko Getso ko Garo, ranar kasuwa. Kwamfuta ɗaya ce a kan tebur, janareto na kuka a baya, wayoyi a jere kowace da lambarta. Yaro zai miƙa memori ya ce, "Oga, a sa min fassarar Algaita, mai bincike, wanda ba a gane mugun sai ƙarshe." Kafin a gama turawa, mutum uku a kan benci sun fara gardama a kan wanda suka kalla jiya: wannan ya ce tun da ya ga direban ya san shi ne, wancan ya ce wallahi ƙarya ne, kai ma matar ka zarga. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000. Masu kallon labarin bincike suna nan jingim, da Hausa suke jin sa, amma kusan duk daga Indiya ake kawo musu.

Shin ko kun san cewa littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya yi maganar gawar da ba a san makashinta ba tun sama da shekara 1,000 da suka wuce? A mazhabar Malikiyya ba a kashe mutum saboda kisa sai da shaidu adalai, ko iƙirari, ko ƙasama, wato rantsuwa 50 da magadan mamaci za su yi. Ita ma ƙasamar ba ta hawa sai da wata alama mai ƙarfi, kamar mamacin ya ambaci wanda ya sare shi kafin ya cika, ko a samu shaida guda da ya ga kisan. Don kawai an tsinci gawa a unguwar wasu mutane, wannan bai isa a ɗora musu jini ba. Da wannan ma'auni aka bi, da ba a fara da makaɗin otal ba.

Abin da ke damuna shi ne Kannywood ba ta riƙi wannan fanni da hannu biyu ba. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, soyayya da rikicin gidan aure suka fi yawa. Ba don babu marubuta ba: Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, Bala Anas Babinlata kuma ya yi suna da littattafan 'yan damfara da bincike. Ba kuma don tsada ba, tunda Ittefaq gida ɗaya ya ci, na Corman kwana 5. Wahalar tana wajen rubutu. Fim ɗin bincike ba ya yarda da a je lokeshan a ƙirƙiri magana a tsaye. Dole marubuci ya san makashin tun shafin farko, ya ajiye maɓallin kwat ɗin a inda mai kallo zai gan shi amma ba zai kula ba, ya kuma ba kowane mutum a labarin dalilin yin ƙarya. Ga shi kuwa muna da tsanin bincike da babu irinsa a Faris ko Bombay: mai unguwa, dagaci, hakimi, 'yan sintiri, ofishin 'yan sanda, alƙali, ga kuma matsin lambar a yi wa mamaci sutura kafin la'asar, wanda kan sa a binne shaida tare da gawa. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe mai kallo awa biyu.

Shin ko kun san cewa Scarlet Street da A Bucket of Blood duk sun fita daga hannun masu hakkin mallaka a Amurka, saboda ba a sabunta rajistarsu ba? Shi ya sa ake samun su cikakku a YouTube kyauta. Na farkon bai kai awa biyu ba, na biyun awa ɗaya ne da 'yan mintoci, duka baƙi da fari ne, maganganunsu kuma a sarari suke, ba su da wuyar juyawa zuwa Hausa ga masu fassarar da suka saba da finafinan Indiya na awa uku.